Taswirar da na zana wa surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa Baffa Sule jagora cikin birnin Kano ba, ko da kuwa zan so in manta.

Lokacin ina akawu a wani kanti a Sabon Gari, ina kwana a Fagge, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Watana biyar a Kano, kullum ina hango ganuwa, amma ban taɓa wuce bakin kasuwar Kurmi ba. A Fagge na ga Binta, gidan gwaggonta. Mahaifinta, Malam Haruna, wanda ban taɓa gani ba, ya aiko cewa manyana su zo ranar Asabar kafin azahar, don washegari zai tafi fatauci Gwanja, kuma akwai wani mai nema da ke jiran amsa.

Baffa ya sauko daga jirgin Zariya. Gwaggon ta ce a haɗa mu da mai rakiya, gidan Malam Haruna yana bayan Dala. Na ce Allah ya kiyaye! (Na yi makarantar Midil fa, har da kyautar labarin ƙasa.) A kaina kowane birni zagayayye ne kamar faifai, irin na tatsuniya, fada a tsakiya, hanyoyi a miƙe daga kowace ƙofa.

Muka shiga ta Ƙofar Mazugal, ni da huhun goro a ka. Lungu ya kai mu lungu, wani ya ƙare a kududdufi, wani a zauren mutane. Baffa ya ce, "Kai, mu tambaya mana." Na ce, "Baffa, ka bar min, lissafi ne." Na daddage. Zufa har cikin takalmi, amma na rantse a raina ba zan buɗe baki in tambayi kowa ba.

Can sai gidaje suka ƙare, muka tsinci kanmu cikin gonaki, gero ya fi ni tsawo. Rana ta take tsaka. Na ga alamar Binta za ta kuɓuce min. Wani dattijo na zaune gindin marke yana wasa fartanya. Muka gaisa, na ce, "Baba, ta ina za mu koma cikin birni?"

Ya ce, "Ai cikinsa kuke."

Na yi dariya (wayyo ni!). Na sauke goro, na ɗauki kara, na zana masa da'ira a ƙasa, na nuna masa inda fada take, na ce a ilmance ba a noma cikin ganuwa. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ɗan nan, in an kewaye gari da yaƙi wata uku, ganuwar za ku ci? Da gangan magabata suka haɗa da gonaki. Ga ta can bayan rimayen nan. Gidan wa kuke nema?"

Baffa ya ce, "Malam Haruna, baban Binta."

"Ni ne. Na jira har na gaji, na zo duba gona."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ina ƙoƙarin share zanen da ƙafa, ya ce in bar shi, bai gama kallo ba. Baffa ya zuba min wata harara da har yau nake jin ta a ƙeya.

Nan gindin marken aka yi magana. Malam Haruna ya ce ya ga ina da naci, amma ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai ɓatar da ita a hanyar ganin gida ba. Kafin ya dawo, in zagaye ganuwar nan da ƙafata, in kawo masa sunan kowace ƙofa. Na zagaye ta kuwa, har sau biyu, dugadugaina suka faffashe. Ya dawo, na karanto masa su tiryan-tiryan, ya ba ni Binta.

Tun daga ranar, ko bayan gida nake nema a gidan mutane, sai na tambayi mutum biyu.