Ranar da Na Kori Windows

A ofishinmu na Goronyo ni kaɗai ce 'yar Linux, wato manhajar sarrafa kwamfuta mai gogayya da Windows. Anti Rifkatu, mai buga mana takardu, ita da Windows mutu-ka-raba. Don in kunyata ta, na tara ma'aikata su ga yadda ake sa Linux a tsohuwar kwamfutata. Kwamfutar ta tambaya ko a goge komai, na amsa ina murmushi.

"Ɗiyata, mi kinka yi?" in ji Anti.

Waƙoƙin da na shekara uku ina rubutawa a bakin dam suna ciki, babu kwafi. Har yau baiti ɗaya kan ziyarce ni, 'yan'uwansa su ƙi biyo shi.

Yanzu ko tebur za a goge, sai Anti ta ce, "Ku kira Malama Linux, ba ta barin komi."