Yadda Aka Killace Darakta da Kyanwa

In ana maganar tausayin dabbobi, kowa ya kama bakinsa, Darakta ya gama magana. Tun da aka kafa Hukumar Jin Daɗin Dabbobi ba ta taɓa samun shugaba irinsa ba, kuma shi da kansa ya sha tabbatar da haka. Dogo ne mai tumbi, yana taka ƙasa a hankali kamar yana yi mata alfarma. Ya raɗa wa kansa suna Muryar Marasa Baki. Ma'aikatansa kuwa, don tsabar ƙauna, Uban Masu Jela suke kiransa, amma sai ya ba da baya.

Ofishinsa kaɗai ya isa shaida. Ga hoton zaki a bayansa, ga na doki kusa da taga, ga kujerar fata mai laushi wadda wata saniya ta ba da ranta don ya ji daɗin kare haƙƙin 'yan'uwanta. Abu ɗaya ne bai taɓa shiga ofishin ba, wato dabba mai numfashi. Son da Darakta yake wa dabbobi ya fi ƙarfin a kusance su. Ko zakaran maƙwabta ne ya faɗo tsakar gidansa, matarsa ce ke kora, shi yana ba da umarni ta taga.

Wata rana ya kai ziyarar bazata wani asibitin dabbobi. Daga bakin ƙofa ya hango likita ya danne rago yana yi masa allura.

"Ka yi masa bayani?" in ji Darakta.

"Wa, ranka ya daɗe?"

"Majinyacin! Ka nemi yardarsa?"

Likita ya dubi rago, rago ya dubi likita. Kafin la'asar sanarwa ta fita: an dakatar da lasisin kowane likitan dabbobi, sai ya sake jarrabawa. Darakta ne zai tsara tambayoyin, kuma a gabansa za a zauna a amsa. Ya fara da rubuta gabatarwar jarrabawar, gabatarwar ta yi daɗi, ya ci gaba da faɗaɗa ta. Masu akuya mai ɗingishi da masu kaji masu gyangyaɗi suka riƙa cika harabar hukumar. Ba wanda ya koma hannu banza, kowa ya samu jawabi.

Daga nan ya juya kan dabbobin da ake shigowa da su daga waje. Ya sa aka gina ɗakin killacewa a filin jirgin sama, aka gayyato 'yan jarida bikin buɗewa.

"Daga yau," in ji shi, yana ɗaga yatsa, "duk dabbar da ta sauka a ƙasar nan, ɗakin nan za ta shiga, sai likita mai lasisi ya duba ta. Duk wanda ya taɓa ta kafin nan, shi ma ciki. Abin da ya shiga ba ya fita. Ko wane ne, ko ɗan wane ne!"

Aka tafa. Mai gadin ɗakin, wani tsohon soja wanda bai san wasa da umarni ba, ya ƙame ya sara.

Baƙuwar farko wata tsohuwar kyanwa ce mai yagaggen kunne, aka turo ta cikin keji daga wajen kaya. Mai ita wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta, ta dawo daga wurin 'yarta. Tun rasuwar mijinta kyanwar nan ce abokiyar hirarta.

"Ɗana," ta ce wa Darakta, "ba ta cin abinci sai a hannuna. Bar ni in taɓa ta, a kulle mu tare."

"Iya, doka ba masaukin baƙi ba ce," in ji shi. Ya maimaita don masu rubutu su samu.

Mai ɗaukar hoto ya roƙe shi ya ɗan matsa kusa da kejin. Darakta ya matsa taku guda, yana zufa, ya miƙa yatsan nan nasa na jawabi yana nuna wa duniya baƙuwar. Kyanwa ta ga abu yana rawa a gabanta. Ta zuro hannu ta dafe shi.

Ihun da ya yi, har ma'aikatan jirgi sai da suka leƙo.

"Ranka ya daɗe," in ji mai gadi, "ka taɓa."

"Ita ta taɓa ni!"

"An taɓu dai, ranka ya daɗe."

Darakta ya duba, ga kyamarori sun zuba masa ido. Nan take ya gyara murya. "Da gangan na yi! Shugaba na gari shi ke fara ɗanɗana dokarsa." Aka sake tafawa. Ya shiga ɗakin yana ɗaga wa jama'a hannu, aka tura kejin a bayansa, mai gadi ya zura sanda ya buɗe kejin, domin Darakta ya hana a bar dabba a takure, sannan ya datse ƙofa.

Da 'yan jarida suka watse, sai ya leƙo ta taga daga kan bencin da ya haye. "To, a kira likita."

"Wanne, ranka ya daɗe?" in ji mai gadi.

Sai a lokacin Darakta ya tuna shi da kansa ya dakatar da su duka.

Matarsa ta zo da kwanon abinci da tabarma. "Baban yara, ba sai ka rubuta musu jarrabawar nan ka huta ba?"

Ya karɓi takarda ya rubuta, da sauri irin wanda bai taɓa yi ba. Mai gadi ya ƙi karɓa: abin da ya shiga ba ya fita. Darakta ya ce to likitocin su shigo su zauna a gabansa. Likitocin suka aiko da gaisuwa, suka ce suna yi masa fatan alheri daga nesa.

A kwanakin nan Darakta ya gano wani sirri. In ya yi shiru, kyanwar takan taho tana shinshina takalminsa. In ya fara jawabi, sai ta koma lungu. Don haka bai sake rufe baki ba. Ya yi mata tarihin hukumar. Ya karanta mata gabatarwar jarrabawa, ya yi mata sharhi a kai. Ya bayyana mata irin gatan da ta samu a zamaninsa. Kyanwa ta daina ci, ta daina lasar jiki, ta cusa kai cikin kwandon shara, jela kawai ake gani.

Dattijuwa kuwa kullum tana bakin taga da kwanon madara, tana kira, kyanwa ba ta ko motsi. Da ta ga haƙarƙarin dabbar ya fara fitowa, ta share hawaye ta nufi hukumar. Ta tarar da mataimakin Darakta a kan kujerar fata, har ya soma ƙiba.

"Ɗana, zo ka ji da kunnenka abin da ake wa marainiyar nan."

Mataimaki ya zo ya tsaya jikin taga. Bai daɗe ba ya dafe kai. Ya ce aikinsa ya kai shi mayanka, ya kai shi kasuwar jakuna, bai taɓa ganin azaba irin wannan ba. Akwai tsohuwar doka da ta ce dabbar da ake cutarwa a ɗauke ta daga hannun mai cutar da ita nan take, kuma tana gaba da kowace sanarwa. Mai gadi ya zura keji da sanda. Kyanwa ta faɗa ciki da gudu tun ba a kira ta ba. Aka yanke ta ƙarasa killacewarta a gidan uwar ɗakinta. Kafin su kai bakin titi ta shanye madarar.

Darakta ya sauko daga benci, ya gyara riga, ya nufi ƙofa. Mai gadi ya mayar da kwaɗo.

"Ni fa?"

"Ranka ya daɗe," in ji mataimaki cikin ladabi, "tsohuwar dokar dabba kawai ta ambata."

Muryar Marasa Baki ya kama ƙarfen taga da hannu biyu. Ya waiga dama da hagu, ya ga ba ɗan jarida ko ɗaya, sannan ya yi ƙasa da murya.

"To, ka sa ni a cikin dabbobin mana."

"Wallahi ni ba ni da ja, ranka ya daɗe," in ji mataimaki. "Duk ofis ma ba mai ja. Sai dai ka san tsari: sai likitan dabbobi ya tabbatar."