Ranar da Na Raba Faɗan da Ba Faɗa Ba

Ba zan taɓa mantawa da cin fuskar da matan ƙungiyarmu suka yi mini ba, kuma har gobe cin fuska nake kiransa. Ni na tara su, masu suyar awara na Kurmin Mashi. Ni na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata don kada wani ya karanta mana takarda a karkace. Sai ga Talatu, mataimakiyata, ta miƙe a taro: "Yaya, ko ki je bitar koyon zama da mutane, ko mu sake shugaba. Faɗanki ya ishe mu." (Ni? Faɗa? Gaskiya nake faɗi da ƙarfi, shi ke nan.)

Ranar bitar na isa wurin taron a unguwar Doka a makare. Ina tura ƙofar zauren na tarar da wani ƙato cikin babbar riga yana zazzaga wa wata baiwar Allah masifa, ita kuwa kai a sunkuye. Mutane cike da kujeru sun zuba ido. Har da masu rubutu!

Na ɗaure mayafi a ƙugu na shiga tsakani.

"Kai malam, baiwar gidanku ce? Ku kuma, ana cin mutuncin mace kuna rubutu?"

Ya ce, "Hajiya, ai..."

"Ai me? Rufe mini baki!"

Matar da nake karewa ta ɗago kai, tana dariya har da hawaye. "Mama, ni ce malamar. Wasan kwaikwayo ne, muna nuna shugaban da ba ya sauraro."

Ƙaton ya gyara hula. "Wallahi Hajiya ta fi ni iyawa. A ba ta rigar."

Zaure ya kece da dariya. Da ƙasa ta tsage da na shige, har da jakata. Malamar ta kama hannuna ta zaunar da ni a gaba. "Tausayi kina da shi, Mama. Amma kafin ki shiga magana, bari kunnenki ya fara sallama."

Washegari da sassafe na sami Talatu a gida tana tace waken suya. Na cusa goro a baki don ya tsare mini harshe, na zauna.

"Faɗi laifina, ina ji."

"Yaya, lafiya? Ko zazzaɓi ne?"

Na nuna mata kumatuna. Ta fara jerowa, ina tauna, ina haɗiye amsa. Da goron ya ƙare na buɗe baki, sai ta kwance bakin zani ta miƙo mini wani.

"Ci gaba da tauna, shugaba. Ban kai rabi ba."