Goron Sulhu da Fataken Nijar

Da dattawan Gangare suka zaɓe ni in sasanta dillalanmu da fataken Nijar, waɗanda suka yi fushi suka daina kawo mana shanu, na tafi ina ganin an gama. 'Yata mai karatun kimiyya ta gaya mini cewa ƙwayoyin zarra biyu, in suka taɓa haɗuwa, abin da ya sami ɗaya yana bayyana a ɗayar, komai nisa. Na yi kabbara, na ce haka ƙasashe suke.

Da na isa wurin fataken, na yi bisimilla, na ɓare goro, na miƙa wa shugabansu ɓari.

"Alhaji, naka Nijar, nawa Najeriya. Abin da ya taɓa naka, nawa zai ji."

Ya tauna nasa a natse, ya haɗiye, ya leƙa tafin hannuna.

"Malam, Najeriyar taka ko gezau. Kukanmu ke nan tun da aka rufe iyaka."

Suka kaɗe riguna suka tafi. Har yau shanunsu ba su dawo ba. Ni kuwa ko a wajen ɗaurin aure, sai wani ya ɗaga goro ya ce, "Malam, ka daure, zan ciza."