Jar Motar da Ta Riƙe Mai Sayenta

Wani ne a ƙauyenmu na Yorkshire a ƙasar Ingila, mai raba wasiƙu. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana taka sayyada da jaka a kafaɗa, siriri kamar tsinken tsire. Da ya yi ritaya sai ƙafa ta huta, baki ya kama aiki. Kafin a ankara tumbi ya fito, irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki.

Tun yana saurayi burinsa ɗaya ne: jar motar tsere, irin ta zamanin da, mai kujera biyu. Ran nan ya ji an sa wata a kasuwa a garin da ke gaba da namu. Matarsa Beryl ta ce ya je ya kalla, kallo kyauta ne, amma kada ya kuskura ya ba da ko sisi sai Desmond bakanike ya duba ta ciki da bai. Ya ce ita ma dai, shi yaro ne? Ai ya yi kwanaki yana karanta yadda masana ke duba tsohuwar mota.

Ya hau bas. Da ya sauka ya tsaya ya taɓa kifi da soyayyen dankali, wai kada ya yi ciniki da yunwa. Ya ƙara da kek.

Mai motar wata tsohuwa ce, Misis Ackroyd. Mijinta ya rasu ya bar mata ita a rumfa. Ta yaye mayafin da aka lulluɓe motar da shi. Gogan naka ya ga mota ja wur, rufaffiya, ta kwanta a ƙasa kamar ƙwarya a kife. Rufinta da ƙyar ya kai masa cibiya.

Ya goya hannu a baya yana zagaya ta, kamar mai tayin bijimi. Ya harbi taya da ƙafa, babban yatsa ya gaya masa, ya daure. Ya ɗaga bonet ya leƙa, ya daɗe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "To, injin dai yana nan." Ya zaro ƙarfen awon baƙin mai ya sunsuna, ya rasa ramin da zai mayar da shi, sai da tsohuwa ta nuna masa.

Saura gwajin kujera. Ya zura ƙafa ɗaya. Ya tanƙwara wuya. Ya ja numfashi ya shanye ciki, ya sulale, sai ji aka yi fuf, kamar an toshe kwalba. Da ya saki numfashin, tumbi ya koma mazauninsa, ya shige ƙarƙashin sitiyari ya yi daram.

Daɗi ya kama shi. Ya murza sitiyari, ya taɓa giya, ya ga kansa a madubi. Da ya gama ya yunƙura zai fita. Shiru. Ya sake yunƙurawa, motar duka ta girgiza, shi bai motsa ba.

Misis Ackroyd ta tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya lau, haka ake yi, sai mutum ya ɗan jima a zaune kafin ya san halin kujera. Ta je ta haɗo masa shayi da biskit, ta miƙa masa ta taga. Ya sha yana gumi.

Ana haka sai ga wani mai saye ya iso, dogo, shafaffen ciki, da hular direbobin tsere. Ya duba nan, ya duba can, sannan ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Maigida, in ka gama ka ɗan fito ni ma in gwada zama."

Gogan ya dubi tsohuwa. Ya dubi mai hula. Ya dubi maƙwabta biyu da suka jingina da shinge suna kallo.

"Ka makara, abokina. An sayar."

"Wa ya saya?"

"Ga shi kana magana da shi."

Ko tayi bai yi ba. Abin da tsohuwa ta faɗa shi ya rubuta a cek, a kan sitiyari, ya miƙa ta taga. Ta ce ya shigo ciki su ƙarasa takardu a zaune. Ya ce ai a zaune yake.

Daga nan ya nufi garejin Desmond. Mota ta tashi da tari da hayaƙi, sannan ta miƙe kamar an tsikare ta. Da ya zo ƙofar gareji ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka tuwo. Ya wuce yana ɗaga wa Desmond hannu. Ya zagayo ta bayan coci, ya sake wucewa. A karo na gaba tarin tsofaffin tayoyi ne ya tsayar da shi.

Desmond ya goge hannu da tsumma, ya ce ya fito a ɗaga ta.

"A'a, ɗaga mu tare. Masana sun ce da direba a ciki ake duba irin waɗannan."

"Waɗanne masana?"

"Na zamani. Kai dai ɗaga."

Desmond mutum ne da ba ya jayayya da mai biya. Ya danna maɓalli, mota ta yi sama da mai ita, ya shiga ƙarƙashi da tocila. Yana ƙwanƙwasawa yana lissafi da ƙarfi. Tsatsa ta ci salansa. Lagireto na yoyo. Tayoyin sun girmi 'yarsa ta fari. Ya zura sukundireba a wani wuri, sai gogan ya ji iska na shiga ƙafar wandonsa.

"Taka birki," in ji Desmond daga ƙasa.

"Ai tun daga bayan coci ban ɗaga ƙafata ba."

Desmond ya ja da baya ya ƙare mata kallo. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda ta karkace ta ɓangaren direba, alhali sifirin ɗin lafiyarsa ƙalau. Gogan ya ce haka aka ƙera su, saboda kwana. Da aka zo batun kariya, Desmond ya ce babu bel, babu jakar iska, in aka yi karo sai yadda hali ya yi. Gogan ya shafa tumbi ya ce wannan kada ta dame shi, shi ko bango ya daka babu inda za shi.

Lokacin shayi ya yi. Desmond ya shige ofis ya bar shi a sama, shi da tantabarun da ke kan jinka.

Can gida kuwa Beryl ta gaji da jira. Maƙwabciya ta gaya mata an ga mijinta ya wuce a guje, fuska ja, ido waje. Ta buga wa Desmond waya, hankali a tashe.

"Desmond, gaya mini gaskiya, yaya yake?"

Shi kuwa Desmond injin ke ransa.

"Wallahi, Beryl, ya tsufa. Yana tari, yana fitar da hayaƙi ta baya, ga yoyo ta ƙasa. Ga ci, duk abin da aka zuba masa ba ya isa. In aka buɗe shi aka canza wasu kaya zai ɗan ƙara lokaci. Amma da nawa ne, sauke shi zan yi in nemi wani mai jini a jika."

Beryl ta ce ita ma ta sha yin wannan tunanin, amma an riga an saba. Ta ɗauki jaka ta taho.

Aka sauko da mota. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"Ka maƙale ko?"

"Hutawa nake yi."

"Ka kuma saya?"

"Sai da aka yi rububinta. Da ƙyar na samu."

Ta ce to ya fito ta ga cikin abin da aka yi rububi. Ya sunkuyar da kai. Desmond ya dubi sitiyari, ya dubi tumbi, sai yanzu ya gane masanan zamani. Ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Aka shiga aikin ceto. Suka kama hannuwansa suka ja, rigarsa ta fito, shi bai fito ba. Aka shafe shi da giris har ya koma kamar kifin tarwaɗa, a banza. Desmond ya ce a cire sitiyari, notin ya yi tsatsa ya ƙi. Ya ce a kwance kujera, ashe notocin suna ƙarƙashin mai zaman. Saura dabara ɗaya: a kira 'yan kwana-kwana su yanke rufi.

Nan gogan ya rungume sitiyari. Ya ce rufin nan na asali ne, tun daga masana'anta, duk mai son yanka shi sai dai ya fara da wuyansa. Beryl ta tambayi Desmond ko zartonsa na iya wannan. Desmond ya ce bai taɓa gwadawa ba.

Daga ƙarshe aka tsaya a kan a ja motar zuwa gida da shi a ciki, a ajiye su a rumfa har a samo ƙarfen da ke kwance irin wannan noti. Aka ɗaura igiya. Gogan ya leƙo ta taga, giris har kunne, ya gyara murya irin ta masu mota.

"Desmond, kafin mu tafi, ka yi wa uwargida bayanin yadda ake kula da ita."

Desmond ya ce ba wuya. A riƙa duba mata baƙin mai kowane mako. A cika mata ruwa. A zuba mata fetur mai kyau, kada a bar tankinta ya bushe.

Beryl ta nuna mijinta da haɓa.

"Shi kuma na cikin fa?"

"Wannan kada a zuba masa komai sai ya fito."