Jitar Kawu Ta Sha Fenti

Tanimu na Bukuru da bakinsa yake ba da wannan labari, kuma shi yake fara yi wa kansa dariya. Abin da ya gada wurin kawunsa, wanda ya yi kiɗa a kulob ɗin ma'aikatan kuza, jita ce guda ɗaya, aikin hannu, duk ta koɗe. Ta shekara goma a kan sif tana shan ƙura, sai ya ji labari cewa tunda masana'antun waje suka cika kasuwa da jita mai araha, masu tara kayan tarihi tsofaffin suke nema ido rufe. Ga damina ta ƙarato, ga rufin ɗakinsa ya zama rariya. Tanimu ya ce kakarsa ta yanke saƙa.

To, shi a saninsa ba a kai kaya kasuwa da datti, ko akuya ce sai an wanke ta. Ya ɗauki jita ya kai wa mai fentin mota. Aka goge ta tas, aka fesa mata ja mai ƙyalli, aka sa sababbin tsirkiyoyi. Tsohuwar takardar da ke manne a cikinta, mai sa hannun wanda ya ƙera ta, da cokali ya kankare ta don ta yi masa kama da ƙazanta. Shi kansa da ya ga aikin sai da ya yaba wa basirarsa.

Ya rungume ta sai shagon Baba Yohanna, dillalin tsofaffin kayan kiɗa. Dattijo ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya nuna masa bango, inda jajaye guda shida irinta sak suke rataye, masu arahar nan da ake shigowa da su daga waje a kwantena.

"Ɗana, ina ta kawun naka? Na san ta, na sha rawa da ita."

"Ai ita ce wannan, Baba. Ɗan gyara na yi mata don ta yi daraja."

"Takardar cikin fa?"

Tanimu ya ce, "Na cire. Amma wallahi ta haura shekara hamsin."

Baba Yohanna ya miƙa masa abarsa da hannu biyu, kamar mai yin ta'aziyya, ya ce, "Na yarda, ɗana. Na sha ganin an yi jabun kayan wani, amma yau na fara ganin wanda ya biya kuɗi aka yi masa jabun gadonsa."