Baƙin Ɗigo a Audugar Gozaki

Da ana iya goge rana a rayuwa, da na goge ranar cirar audugarmu, bayan an yi mini aikin ido da haske a Kaduna saboda ciwon sukari. Ina duba tulin na ga baƙaƙen ɗigo suna yawo. Na daka wa ƙanena Sale tsawa a gaban mata masu cira: "Wannan ƙazantar za ka kai kasuwa? A tsince!"

"Yaya, wallahi fes take."

"Ni za ka koya wa auduga?"

Suka wuni suna neman abin tsincewa. Na ɗaga kai cikin fushi, sai ga ɗigon a sararin sama. Ashe a idona suke.

Har yau matan nan cewa suke, "Malam, a tsince maka gajimaren?" Don Allah kada ku kai zancen nan Funtua.